Darasin Tarihi: Yadda Za Ka Bi Sawun Asalin Gidanku

Darasinmu na wannan fitowa zai fara da ɗan gwaji. Ɗauki biro ka rubuta sunanka, da na mahaifinka, da na kakanka, da na mahaifin kakanka. Sai ka juya wajen mahaifiyarka ka yi haka. Yawancinmu a suna na uku ko na huɗu muke kakarewa, a ɓangaren uwa kuwa ko na uku ba ma kaiwa. Alhali kowannenmu yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, kakannin kakanni 16. Idan aka ba kowane hawa shekara 25 zuwa 30, ɗalibin da aka haifa wajen 2010 zai tarar an haifi waɗannan mutum 16 nasa dab da lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903. Ka ga ashe ba su yi wani nisa ba, rubuta su ne ba a yi ba.

Abubuwa uku ne za su taimake ka: sunan wurin da danginku suka zauna, sunan da ke bin naka a rajistar makaranta, da tsofaffin takardun hukuma. Kowanne daga cikinsu alama ce kawai. Sai biyu sun faɗi abu ɗaya sannan za ka fara yarda.

Sunayen wurare

Mu ɗauki cikin birnin Kano misali, domin unguwanninsa kamar littafin tarihi suke. A da, baƙi idan sun zo fatauci ko neman ilmi, gefe guda ake ba su, sai wurin ya ci sunansu. Agadasawa mazaunin mutanen Agadas ne. Zangon Barebari nan fataken Borno ke sauke kaya. Tudun Nufawa na Nufawa ne, Ayagi kuma nan fataken Yarbawa suka zauna. Sharifai tana da nasaba da zuriyar Shehu Magili, malamin da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Madabo kuwa an san ta da malaman Wangarawa waɗanda asalinsu daga ƙasar Mali yake. Wasu unguwannin sana'a ce ta ba su suna, kamar Dukawa da Soron Ɗinki.

Akwai unguwa guda da ya kamata mu tsaya a kanta, wato Dandalin Turawa. Ɗalibin yau idan ya ji sunan zai ɗauka mutanen Ingila ne suka zauna a wurin. A tsohuwar Hausa kuwa Larabawa ake kira Turawa, kuma fataken Gadamus da Tarabulus ne suka zauna a wannan yanki tun kafin wani Bature na Ingila ya yi mulkin Kano. Haka ma Alfindiki, daga kalmar Larabci take mai nufin masaukin fatake. Abin lura shi ne kalma kan sauya ma'ana ta bar sunan wuri yadda yake. Saboda haka kada ka fassara tsohon suna da Hausar yau. Tambayi tsofaffin unguwar, kuma ka tambayi fiye da mutum ɗaya, domin akwai masu gwanintar ƙaga labari mai daɗi a kan kowane suna. Idan labarin ya cika daɗi, ya zo daidai da sunan cif-cif, ni dai nakan ƙara yin shakka.

A ƙauyuka ma haka abin yake. Duk inda ka ji Katsinawa, Gobirawa, Zamfarawa, Daurawa ko Adarawa, sunan yana nuna inda waɗanda suka fara saran wurin suka fito. Amma waɗanda suka fara sara daban, waɗanda suka tare daga baya daban. Gobirawa ta Kano a yau cike take da mutane daga ko'ina, zama a cikinta bai mai da kowa Bagobiri ba. Tambayar da za ka yi ita ce: mu ne muka kafa wurin nan, ko tarar da shi muka yi?

Sunaye kan yi tafiya tare da masu su. Idan an ce maka wani kakanku ya tafi Gwanja fataucin goro bai dawo ba, to akwai zangon Hausawa a Salaga da Kumasi da Ankara a ƙasar Gana. Idan an ce ya yi gabas lokacin zuwan Turawa, akwai garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan, wanda ya ci sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Shi ne ya ja ragowar masu hijira zuwa can bayan yaƙin Burmi na 1903.

Sunan da ke bin naka

A Ingila suna ɗaya kan bi gida har ɗaruruwan shekaru, shi ya sa masu binciken asali a can suke kama sunan su yi ta bin sa baya. Mu ba haka tsarinmu yake ba. Musa ɗan Haruna shi ne Musa Haruna, ɗansa kuma Ali Musa, jikansa Sani Ali. Hawa biyu kawai, sunan Haruna ya ɓace daga takarda. Wannan ne ya sa mutum biyu masu amsa Abdullahi a ƙarshen sunansu ba lalle su haɗa komai ba, 'yan'uwan jini kuma su zo da sunaye mabambanta.

Da makarantun boko suka zo, irin su Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, aji ɗaya kan tara Muhammadu da Abubakar da yawa, sai aka riƙa bambanta su da garuruwansu. Abubakar Tafawa Ɓalewa sunan garinsu ne a ƙasar Bauchi ya bi shi. Shehu Shagari ma haka, sunan mahaifinsa Aliyu. Sardauna da Ahmadu Raba aka san shi a makaranta, daga baya ya ɗauki Bello, sunan kakan mahaifinsa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Malam Aminu Kano kuwa ɗan Malam Yusufu ne na unguwar Sudawa, daga zuriyar Fulani Gyanawa. Duba da kyau: “Kano” da ke cikin sunansa ta gaya maka garin da ya fito, amma ba ta ce komai a kan zuriyarsa ba. Idan sunan gari ne ke bin naka, abin da ka samu shi ne inda gidanku yake a ranar da aka fara rubuta ɗaya daga cikinku a rajista. Kafin wannan rana, sai ka sake tono.

Wani sunan kuma laƙabi ne ya zama na gida. Alhassan Ɗantata, attajirin da aka haifa a Bebeji ya rasu a Kano a 1955, ya sami sunansa daga wata dattijuwa mai suna Tata da ta raine shi. Asalinsa kuwa daga Agalawa yake, fataken goro da suka shahara a hanyar Gwanja. Wanda ya tsaya a kan sunan kaɗai ba zai taɓa kaiwa ga Agalawa ba.

Sunayen sarauta sun fi amfani, domin wasu sarautun gidajensu sanannu ne. A Kano sarautar Madaki ta Yolawa ce, Makama ta Joɓawa, Sarkin Bai ta Dambazawa, gadon sarautar Kano kuma yana hannun Sulluɓawa tun daga Ibrahim Dabo a 1819. Duk da haka a yi hattara, don akwai wanda aka sa wa sunan wani basarake aka riƙa sakaya shi da sarautar, har ta bi 'ya'yansa. Ga kuma tarkon Balarabe: sau da yawa ranar Laraba aka haife shi, ba shi da haɗi da Larabawa. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Gambo mai bin tagwaye. Irin waɗannan suna ba da labarin haihuwa ne. Dikko da Sambo kuwa, sunayen ɗan fari da na biyu a wurin Fulani, suna iya zama 'yar alama, ko da yake Hausawa ma sun ara.

Ƙidaya da takardun haraji

A Amurka ana buɗe takardun ƙidaya masu ɗauke da sunan kowa bayan shekara 72, shi ya sa aka saki na 1950 a 2022. A Ingila sai bayan shekara 100, kuma a 2022 ɗin aka saki na 1921. Mutum kan duba ya ga sunan kakansa, da shekarunsa, da sana'arsa, da gidan da ya kwana a daren ƙidaya.

A Nijeriya an yi ƙidaya a 1911, 1921 da 1931, amma yawancin alƙaluman daga lissafin haraji aka tattaro su. Ba a yi ta 1941 ba saboda Yaƙin Duniya na Biyu. An yi a 1952 zuwa 1953, an soke ta 1962, aka sake a 1963 aka sami sama da mutum miliyan 55. An soke ta 1973. Ta 1991 ta ba da kusan miliyan 89, ta 2006 sama da miliyan 140. Abin da aka buga daga waɗannan duka adadi ne na garuruwa da yankuna. Ba za ka ga sunan kakanka a ciki ba. Amfaninsu gare ka shi ne su nuna ko ƙauyenku yana nan a wancan lokaci, da wane suna, a ƙarƙashin wace gunduma, da yawan mutanensa.

Abin da ya fi kusa da sunayen mutane a wurinmu shi ne haraji. Zamanin En'e kowane baligi namiji yana cikin lissafin mai unguwa da dagaci da hakimi, makiyayi kuma yana cikin na jangali, kuma a Kano da Kaduna sai a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke harajin. Di'o-Di'o kan zaga gundumomi su rubuta rahoton kimanta haraji, inda sukan kawo tarihin kowane gari, da wanda ya kafa shi, da salsalar dagatansa, da sana'o'in mutanensa. Da yawan waɗannan rahotanni suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Akwai kuma Arewa House, tsohon gidan Sardauna, wanda yanzu cibiyar binciken tarihi ce ta Jami'ar Ahmadu Bello, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ka tuna baƙo ne ya rubuta rahoton, ta bakin tafinta, kuma a gaban hakimi aka ba shi labarin. Talaka ba ya cika fitowa a ciki. Rubutun sunayen ma na kunnen Bature ne, sai ka gwada haruffa iri-iri kafin ka gane garinku.

Kafin ka yi tunanin Kaduna, buɗe adakar gidanku da izinin manya. Rasiɗin haraji, takardar rabon gado daga kotun alƙali, takardar gona, tsohon fasfon aikin Hajji, littafin sallamar soja na wanda ya je yaƙin Bama, duk suna ɗauke da suna da gari da shekara. Takardar gado ta fi kowacce daraja, domin ita ce ke jera mata da 'ya'ya mata da sunayensu. A gidajen malamai a duba cikin gafaka da gefen tsofaffin littattafai, inda akan rubuta haihuwa da rasuwa da shekarar Hijira. Ga yadda za ka juya ta: cire 3 daga kowane 100, ka ƙara 622. Misali 1350, a cire 40 saura 1310, a ƙara 622 ya zama 1932, kuskuren ba ya wuce shekara guda.

Zama da tsofaffi

Duk abin da ka samo, wurin tsoho za ka kai shi. Kada ka tambayi kaka shekarar da aka haife ta, tambaye ta abin da ya faru. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Sarauniyar Ingila ta zo a 1956, an koma tuƙi ta hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam a 1973. Idan ta ce tana goyon babanka aka canja kuɗi, ka sami shekararsa. Ka nemi sunan yanka na kowa, domin alkunya ta ɓoye sunaye da yawa a bayan Inna da Goggo da Baffa da Mai Sunan Malam. Tambayi irin zanen fuskar kakanni, da kabilar da gidanku ke wasan barkwanci da ita. Je wa ɓangaren uba daban, na uwa daban, ka rubuta wanda ya faɗa maka kowace magana da ranar da ya faɗa. Inda suka saɓa, rubuta duka biyun.

Akwai maganar da ba ta da daɗi amma dole a yi ta. Kusan kowane gida yana son a ce daga sarauta ko malanta ko sharifta ya fito, kuma baki kan gyara salsala ta nufi can. Bincike na gaskiya yana iya kai ka wani wuri dabam. Sunaye irin su Rinji da Gandu sau da yawa suna nuna gonakin da bayi suka zauna suka noma. Dokar Turawa ta 1901 ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara, amma sai a 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa. Cikin mutum 16 ɗin nan na kowannenmu, da wuya a ce duk masu rawani ne. Akwai manomi, akwai maƙeri, akwai baƙon da ya zo cin rani ya zauna, akwai kuma wadda aka kamo daga garinsu tana yarinya aka sauya mata suna. Idan tsoho ya yi shiru a kan wani suna, kada ka matsa masa a gaban mutane. Abin da ka gano na gidan wani kuma ba naka ba ne, balle ya zama abin gori a aji.

Wanda ya haɗa salsalar gidansu har hawa huɗu, ko ya samo asalin sunan unguwarsu daga bakin tsofaffi biyu, ya miƙa wa sakataren ƙungiya kafin ƙarshen zangon karatu. Tarihin unguwanni za mu liƙa a wannan allo. Salsalar gida kuwa ba za ta hau ba sai da yardar iyaye.