Sharhin Baitoci Uku a Kan Kalmar Sa'a

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, na ce:

Kana faɗin wane ya taki sa'a,
Shin wa ya aje ta bisa hanya tasa?

Wanda ya jera dare da rana,
Shi ya rubuta rabon bawa nasa.

Bar bin mai duba, tashi ka nema,
Ranar Juma'a ka roƙi ni'ima tasa.

Ka sani ya kai ɗan'uwa, kalmar sa'a Larabci ce, ma'anarta ta asali wani yanki na lokaci. Da ita Alƙur'ani ya kira tashin Alƙiyama a wurare masu yawa. Da ta shigo bakin Hausawa sai ta yi rassa uku. Muna cewa na jira shi sa'a biyu, wannan lokaci ne. Muna cewa wane sa'ana ne, wato lokacin haihuwarmu ɗaya. Muna kuma cewa wane ya yi sa'a, ko ya ci sa'a, ko ya taki sa'a, wato ya dace. A ganina na ukun nan ma daga lokacin ya fito: mutum ya zo daidai lokacin da aka buɗe ƙofa. Kada almajiri ya haɗa ta da sa'ada, inda aka samo sunayen Sa'idu da Sa'adatu da Mas'udu. Waccan tushenta dabam a Larabci, tana da dalun, kuma ita ce kyakkyawan ƙarshe, kishiyar shaƙawa.

To, wanda ya ce da mai tafiya kasuwa ko mai shiga jarrabawa "Allah ya ba da sa'a" bai yi laifi ba, addu'a ya yi, ya kuwa ambaci Mai bayarwa. Haka karin maganar nan, sa'a ta fi manyan kaya, ko rabon kwaɗo ba ya hawa sama. In mai faɗi yana nufin ƙaddara, magana tasa daidai ce.

Inda abin ya ɓaci shi ne a ɗauki sa'a kamar wata aba mai ikon kanta, wadda ke zaune cikin tauraro ko rana kaza ko zobe. A shekara ta 6 bayan hijira, a Hudaibiyya, an yi ruwa da dare. Da aka sallame Asuba Annabi (S.A.W.) ya sanar da sahabbai cewa mutane sun wayi gari kashi biyu: mai jingina ruwan ga falalar Allah da rahamarSa, da mai jingina shi ga tauraro, na biyun kuwa ya kafirce wa Ubangijinsa. Imamu Malik ya kawo wannan cikin Muwaɗɗa. Dubi fa, ruwan ɗaya ne, gonar ɗaya ce, abin da ya raba su harshe ne da zuciya.

Abin da ya sa na tsawaita a nan, ina ganin waɗansu ƴan'uwa masu wuridi, tasbaha a wuya, amma ba su sa ranar aure ko ranar tafiya fatauci sai mai bugun ƙasa ya duba musu sa'a. Hadisin Muslim ya nuna wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa kwana 40. Wace riba ce cikin wuridin da sallarsa take rataye? Istihara tana nan, raka'a biyu ce da addu'a, ba a biyan ko dala. Wani kuma ya ɗauki jikar da zai auno hatsi wa iyali ya sayi takardar caca, wai yana gwada sa'arsa. Aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya da gumaka da kiban ƙuri'a wuri ɗaya, canza mata suna bai halatta ta ba.

Amma baiti na uku, nufina sa'ar da shari'a da kanta ta ce a nema. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa cikin yinin Juma'a akwai wata sa'a, Musulmi ba ya dacewa da ita yana roƙon Allah alheri face an ba shi, kuma Annabi ya nuna da hannunsa ƴar kaɗan ce. Malamai sun saɓa a kan lokacinta. Waɗansu sun ce daga zaman liman bisa mumbari zuwa idar da salla, da yawa kuma sun rinjayar da bayan La'asar zuwa faɗuwar rana. Wannan shi ne lokacin da muridan Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, suke taruwa don hailalar Juma'a, daga Kiyota har Maraɗi da Damagaram. Wanda ciniki ya riƙe shi a rumfa har aka kira Magariba, to ta wannan mako ta wuce shi. Mai rumfa ya rufe da wuri, ya yi alwala tun a gida, ya iso zawiya kafin a shimfiɗa sahu.