Amsoshin Tambayoyinku: Shanyewar Ɓarin Jiki Bayan Tiyatar Zuciya

Wani mai sauraro ya nemi sanin dalilin da ya sa wasu majiyyata kan gamu da shanyewar ɓarin jiki bayan tiyatar zuciya ko ta manyan jijiyoyin jini.

Wannan larura tana aukuwa ne idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa. A lokacin tiyata, idan likita ya matse babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, ɓurɓushin kitsen da ya daskare a bangonta yakan ɓalle, jini ya kwashe shi har ya toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Bayan tiyata kuma, bugun zuciya kan rikice, musamman a kwana na 2 ko na 3, jini ya kwanta ya yi gudajin da shi ma kan toshe jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A tiyatar samar wa jini sabuwar hanya zuwa tsokar zuciya, haɗarin bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, amma yana ƙaruwa ga tsofaffi, masu hawan jini ko ciwon suga, da wanda ya taɓa shanyewa. Saboda haka, duk mai jinya da ya ga bakin majiyyaci ya karkace, hannunsa ya saki ko maganarsa ta sarƙe, ya kira likita nan take.