Amsar Tambaya: Alƙalamina Ya Tsaya Cak

Tambaya: Anti, ina rubuta littafin labari, amma na yi wata uku ban ƙara ko shafi ɗaya ba. Wata ƙawata ta ce in gwada zaman shiru da tafakkuri. Anya zai yi amfani?

Amsa: 'Yata, zai yi, amma ba irin amfanin da kike zato ba. Zaman shiru ba ya ƙirƙiro labari, hayaniyar da ta danne shi yake kawarwa. Kan da ya yini a WhatsApp da TikTok tamkar ruwan kududdufi ne da shanu suka dama. Sai ya kwanta ake ganin abin da ke ƙasa.

Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. A shekarar 1095 Imamu Gazali ya ajiye karantarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya tafi Dimashƙa ya kaɗaita, kuma a shekarun halwar nan ya rubuta Ihya'u Ulumiddin.

Ke ba sai kin bar gari ba. Bayan sallar asuba, in kin gama azkar, ki ci gaba da zama a kan dardumar minti 15, wayarki tana wani ɗakin. Ki bi shigar numfashinki da fitarsa. Tunanin cefane zai zo, na anko ma zai zo. Ki bar su su wuce. Daga nan ki kira jarumar labarinki, ki tambaye ta abin da take tsoro. Duk abin da ya faɗo miki, ko shirme ne, ki rubuta nan take, kada ki tsaya gyara.

Ki yi sati biyu a haka, sannan ki sake rubuto mini.