Ɗana, Kafin Ka Kama Haya a Manchesta

Ɗana, Allah ya sanya alheri a wannan aikin jinya da ka samu a Manchesta. Ka tambaye ni ko ka bi ta hannun dillalin gidaje, ko kuwa ka zage damtse ka nemi gidan da kanka tunda ga waya ga intanet. Shawarata ita ce gidan farko ka bi ta hannun dillali mai rajista, amma ka shiga ofishinsa da sanin cewa ba wakilinka ba ne. Mai gida ne ya ɗauke shi aiki, mai gida ne ke biyansa. In ka riƙe wannan a zuciyarka zai yi maka amfani ƙwarai. In ka manta, za ka riƙa jin haushinsa a kan abin da tun farko bai ɗauki alkawarin yi maka ba.

Ina nanata wannan ne saboda mu Hausawa mun gaji wani tunani game da baƙunta. Fataken da ke kai shanu Sabo ta Ibadan, da masu zuwa sayen goro Salaga da Kumasi, ba sa sauka gari su riƙa bin lungu suna cigiyar ɗakin haya. Kowa da fatomansa. Shi ke ba baƙo makwanci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da mai saye, in an ba da kaya bashi ya tsaya a kai. La'adarsa daga cinikin baƙon take fitowa, mutuncinsa kuma yana rataye ne da labarin da baƙon zai kai gida, shi ya sa yake kare shi. Tsakaninka da dillalin Ingila babu wannan igiyar. Aikinsa shi ne ya samo wa mai gida ɗan hayar da zai biya a kan kari, ba zai ɓata gida ba, kuma takardunsa sun cika. Kai ɗaya ne cikin mutane da yawa da suka ga tallan gidan a safiyar.

Duk da haka nake tura ka wurinsa, kuma dalilin farko na aljihu ne. Tun daga 1 ga Yuni 2019 doka ta hana a karɓi la'ada daga hannun ɗan haya a Ingila. Babu kuɗin nuna gida, babu kuɗin rubuta yarjejeniya, babu kuɗin bincike. Ka saba da tsarin Kano, inda ake biyan hayar shekara a dunƙule sannan galibi a ɗora kashi 10 cikin 100 na dillali, don haka na san kana ganin in ka kauce masa ka tsira da wani abu. A can babu abin da ka tsira da shi. Abin da aka yarda a karɓa kafin ka shiga gida ƙayyadadde ne: kafin alƙalami wanda bai wuce hayar mako ɗaya ba, kuɗin ajiya wanda bai wuce hayar mako biyar ba muddin hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba, sai ita hayar kanta. A ce gida fam 900 ne a wata. Kafin alƙalaminsa kusan fam 207 ke nan, kuɗin ajiya kuma kusan fam 1,038. Duk wanda ya nemi fiye da haka, ko ya ƙirƙiro wani kuɗi mai sabon suna, ka tambaye shi da ladabi ya nuna maka inda doka ta ba shi dama.

Kuɗin ajiyar nan ma ba a aljihun mai gida yake kwana ba yadda ya ga dama. Cikin kwana 30 dole a yi masa rajista a ɗaya daga cikin asusun kariya uku da gwamnati ta amince da su, wato Deposit Protection Service da MyDeposits da Tenancy Deposit Scheme, kuma a ba ka shaida a rubuce. Ranar tashi, in an yi jayayya a kan abin da za a cire, su ke raba gardamar kyauta. Mai gidan da ya ƙi yin rajistar, kotu na iya sa shi ya biya ka har ninki uku.

Waɗannan dokoki sun hau kan mai gida kamar yadda suka hau kan dillali. Bambancin shi ne dillali yana da ofis da za ka iya ƙwanƙwasawa, yana da suna da yake tsoron ya ɓaci, kuma tun 2014 wajibi ne ya kasance ƙarƙashin wata hukumar sauraron ƙorafi, irin su The Property Ombudsman. Tun 2019 kuma dole ya shiga tsarin da ke kare kuɗin mutanen da ke hannunsa ko da kamfaninsa ya rushe. Ka nemi ganin shaidar duka biyun. Dillalin kirki ba ya jin nauyin wannan tambaya, yawancinsu ma sun manna shaidar a tagar ofis.

Inda zai gajiyar da kai shi ne wurin tantancewa, kuma ina so ka shirya zuciyarka don kada ka ɗauka wulaƙanci ne aka nufe ka da shi kai kaɗai. Tun 2016 doka ta ɗora wa duk mai ba da haya a Ingila tabbatar da cewa ɗan haya yana da izinin zama a ƙasar, don haka za ka ciro lambar shaida daga shafin gwamnati ka ba su. Daga nan sai albashi: yawancin masu tantancewa suna so albashin shekara ya kai ninki 30 na hayar wata, wato fam 27,000 a gidan fam 900. Sai su duba tarihin bashinka a ƙasar, su tarar babu komai, domin jiya ka zo. A nan ne za a ce ka kawo wanda zai tsaya maka, mazaunin Birtaniya mai albashi, wanda zai biya in ka gaza. Da can baƙo kan sayi amincewa da kuɗi, ya zube hayar wata shida a gaba. Sabuwar dokar 'yancin 'yan haya ta 2025, wadda aka tsayar da 1 ga Mayu 2026 domin fara aiki da manyan sassanta, ta hana neman fiye da hayar wata ɗaya a gaba, ta kuma hana a sa masu nema su yi ta ƙarin farashi sama da abin da aka tallata. Alheri ne ga mai ƙaramin ƙarfi, amma a ganina ta ƙara wa takarda nauyi a kan baƙo. Saboda haka tun kafin ka tashi ka roƙi asibitin ya ba ka wasiƙa mai ɗauke da matsayinka da albashinka da ranar fara aikinka. Kada ka ƙara ko fam ɗaya a kan abin da kake samu lokacin cike takarda. Bayan zunubin ƙarya, bayanin da ba daidai ba yana ba su damar riƙe kafin alƙalaminka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kada ka kama gida kana Najeriya. Na san zumuɗin son a sauka jirgi a wuce ɗakin kai, kuma 'yan damfara ma sun san shi. Sukan ɗauko hotunan gida na gaske daga wani talla, su sa masa farashi mai sauƙi a Facebook ko Gumtree, su ce maka mai gidan ya yi tafiya, mutane da yawa na rububinsa, ka turo kuɗi a aiko maka da makulli. Magana mai daɗi, takarda mai tambari, har da hoton fasfo na wani bawan Allah da aka sace. Kuɗin da aka sayar da fili ko aka ciyo bashi aka haɗa maka su tafi cikin minti ɗaya. Ka tambayi asibitin ko suna da masaukin ma'aikata na makonnin farko, da yawa suna tanadar wa waɗanda suka ɗauko daga waje. In babu, ka kama ɗakin wucin gadi ko da ya ɗan yi tsada. Gidan da ƙafarka ba ta taka cikinsa ba, kada kwabonka ya shiga hannun mai shi. In kana shakkar wanda ya ce shi ne mai gida, ofishin rajistar filaye na gwamnati yana ba da takardar mallaka ta intanet a kan fam 7, sunan mai gidan na ciki.

Neman kai da kai yana da nasa alheri, ba zan ɓoye maka ba. A OpenRent masu gida ne ke talla da kansu, a SpareRoom kuma ɗakuna ne a gidan haɗaka, saɓanin Rightmove da Zoopla da galibin tallansu na dillalai ne. Idan ka zauna da mai gida ido da ido, ya ga kamalarka, ya ji aikin jinya kake yi, yana iya yafe maka sharaɗin da kwamfutar kamfani ba ta san yafewa ba. Amma a wannan hanya kai ne za ka zama mai binciken kanka, kuma sabon zuwa bai san abin da ya kamata ya tambaya ba.

Akwai kuma hanyar da ta fi kowace daɗin shiga, wato ɗan'uwa ɗan ƙasarmu ya ce yana da ɗaki, ka zo ka riƙa ba shi wani abu. Sau da yawa da zuciya ɗaya yake yi, Allah ya saka masa. Amma ka tambaye shi cikin mutunci ko mai gidan ya sani. In sunanka ba ya cikin yarjejeniya, ranar da aka tashe shi kai ma ka tashi, kuma za ka sha wuya wajen nuna shaidar adireshi a banki da sauran wurare. Wanda ke zaune gida ɗaya da mai ba shi haya, suna haɗa kicin da bayi, doka ba ta wajabta a kare kuɗin ajiyarsa ba, kuma ana iya sallamarsa ba tare da zuwa kotu ba. Ka zauna da shi na mako kaɗan in ta kama, ka biya ta banki, kada zumunci ya hana ku rubutawa.

Ranar ganin gida, dillali zai nuna maka faɗin falo da hasken taga. Kai danshi za ka nema. Manchesta gari ne na ruwan sama, gidaje da yawa tsofaffi ne, a watan Disamba kuma rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma. Ka leƙa bayan kabad, ka duba kusurwoyin taga da silin bayi, ka shaƙi iskar ɗakin kwana, ka lura da bango guda da aka yi wa sabon fenti shi kaɗai. Ba ƙaramin abu ba ne. A Rochdale, nan kusa da Manchesta, wani yaro ɗan shekara biyu mai suna Awaab Ishak, wanda iyayensa 'yan Sudan ne, ya rasu a Disambar 2020, kuma binciken da aka kammala a 2022 ya tabbatar da cewa funfunar da ke gidansu ce ta lalata masa numfashi. Har doka aka yi da sunansa. Kai ma'aikacin lafiya ne, kuma 'ya'yanka za su shaƙi iskar gidan da ka zaɓa. Ka nemi takardar da ke nuna yadda gidan ke riƙe ɗumi, wadda ake jerawa daga A zuwa G. Ƙa'ida ita ce ba a ba da hayar wanda ya gaza E, kuma duk matakin da aka sauka, kuɗin ɗumama gida ne ke hawa a kanka. Ka nemi shaidar duba iskar gas ta shekarar. Ka tambayi nawa ne harajin ƙaramar hukuma na gidan, domin kai za ka biya ban da haya, ko da yake mai zama shi kaɗai ana rage masa kashi 25 cikin 100.

Akwai tambayoyin da dillali ba zai amsa maka ba ko da mutumin kirki ne, domin ba rayuwarsa ba ce. Ina masallacin da za ka samu Juma'a tsakanin aiki da aiki? Ina mahaucin halal? Wace mota ce ke kai ka asibiti kafin ƙarfe bakwai na safiyar Lahadi? Unguwanni irin su Cheetham Hill da Longsight da Rusholme suna da Musulmi da yawa da shagunansu, amma unguwar da ta dace da kai ita ce wadda ta dace da lokutan aikinka. A nan ne kake bukatar fatoma irin na kakanninka, kuma ba a ofishin gidaje za ka same shi ba. Ka nemi dattijo ko abokin aikin da ya daɗe a garin, ka roƙe shi ya raka ka ganin gida, ya karanta yarjejeniyar tare da kai kafin ka sa hannu. In ka ji an juya maka baya saboda sunanka ko launinka ko addininka, dokar daidaito ta 2010 ta haramta hakan, kuma ƙungiyoyin Shelter da Citizens Advice suna ba da shawara kyauta.

Ranar da aka miƙa maka makulli, kafin ka buɗe akwati, ka ɗauki hoton kowane tabo a kafet da bango da adadin da ke kan mitar wuta da ta gas, ka gwada su da takardar lissafin kayan gidan, ka aika wa dillali gyaran a rubuce. Da waɗannan hotuna za ka karɓo kuɗin ajiyarka.

Sabuwar dokar 'yancin 'yan haya ɗin nan ta 2025 ta mayar da haya ta zama wata bi wata, ɗan haya na iya tashi in ya ba da sanarwar wata biyu, don haka kada ka wahalar da kanka neman gidan farko wanda ba shi da aibi. Ya kasance busasshe, kusa da aiki, kuma cikin ƙarfinka. Kafin iyalinka su iso, in Allah ya yarda, kana da takardun albashi na watanni, kana da shaidar tsohon mai gida cewa ba ka taɓa jinkirta haya ba, ka kuma san tituna da ƙafarka. A lokacin ka nemi gida na biyu da kanka in ka so, ka fara da duba makarantun da ke kusa, domin a yawancin makarantun gwamnati na can kusancin gida yana cikin abin da ake dubawa wajen ba yaro gurbi.