Kula da Matatar Ruwan Sha: Jan Hankali ga Mutanen Kura da Bunkure

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya zauna da gindinsa a Kura da Bunkure da Garun Malam. Shinkafa da alkama da tumatir sun wadata. To amma jama'a, ruwan da ke raya shuka ba lalle ne ya dace da cikin ɗan Adam ba. Takin zamani da maganin feshi sukan bi ruwa su nutse ƙasa, wani lokaci har su kai ga rijiyoyi. Shi ya sa gidajen ruwan leda da dama suke kafa injin da ake kira RO.

Yadda yake aiki

A cikin bututunsa akwai wata siririyar fata da aka naɗe kamar tabarma. Famfo yana tunkuɗa ruwa da ƙarfi ya ratsa ta, gishiri da dattin taki da ƙwayoyin cuta su tsaya, su fice ta wani bututu daban. Fatar nan takan yi shekara 3 zuwa 5, amma rashin kula yakan kashe ta da wuri. Laka tana toshe ta, ma'adinai suna yi mata ɓawo, ƙwayoyin cuta suna yi mata yauƙi, kulorin kuwa cinye ta yake yi.

Abin da ya wajaba

1. Duk sanda za a kashe inji, a ɗauraye fatar da ruwa mai tsabta na 'yan mintoci, ba da ƙarfi ba. In an ɗauke wuta ana cikin aiki, a ɗauraye da zarar an tada janareta, domin ruwan gishirin da ya kwanta shi ke daskarewa.

2. A riƙa sauya matatar laka da ta gawayi da ke gabanta. Gawayin ne ke kama kulorin.

3. Kullum a auna ruwan da ke fita, a rubuta a littafi. In ruwan da ke fita ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, lokacin wanki da sinadari ya yi: mai tsami don ɓawo, soda don yauƙi. Kada a gauraya su, kuma a bi umarnin kamfanin da ya ƙera fatar.

4. In inji zai daɗe ba ya aiki, a jiƙa fatar da ruwan adanawa. Kada a bari ta bushe.

Hakkin kowa

Ma'aunin ruwan sha na Nijeriya bai yarda narkakkun ma'adinai su wuce miligiram 500 a lita ba. Fatar da ta lalace tana iya ba da ruwa garau a ido alhali ya gurɓata, sai na'urar awo ce ke tona asiri. Mai gidan ruwa, lafiyar jama'a amana ce a wuyanka. Mai saye kuma, ka duba lambar NAFDAC a jikin leda, in ka ji ɗanɗano ya sauya ka kai rahoto ga jami'an tsabta na ƙaramar hukumarku.