Kafin Suna da Bayan Suna: Shawara ga Mai Jego da Angon Ƙarni

A gidajenmu jariri ba na mutum biyu ba ne. Da an ji kukansa kaka ta iso, gwaggo ta iso, ungozoma na nan, maƙwabta na ta shigowa barka, kowa da abin da ya sani, kowa kuma da kyakkyawar niyya. Wannan gata ne da ya kamata mu riƙe da hannu biyu. Sai dai a cikin wannan taron, iyayen yaron su suka fi kowa yin shiru, balle in ɗan fari ne, inda kunya kan hana uwa ko ɗaga ido ta dubi abin da ta haifa a gaban manya. Ga shi kuwa kwanaki 28 na farko su ne mafi hatsari a rayuwar yaro, kuma yawancin jariran da ake rasawa a wannan tsakanin a makon farko ake rasa su. Abin da jariri ke bukata a kwanakin nan bai da yawa: nono, ɗumi, tsabta, da idon da ke lura da shi. Yawancin wahalar da nake gani daga abin da aka ƙara masa take fitowa.

Saboda haka a fara da magana, tun ciki na wata bakwai ko takwas. Kai maigida, kai ya kamata ka zauna da mahaifiyarka, kada ka bar wa matarka wannan nauyin, don ba za ta iya musu da surukarta ba. Ka ce, "Hajiya, ga abin da aka gaya mana a wajen awo, ina neman alfarmar ki taya mu kiyayewa." In gida za ta tafi wanka, to a yi maganar da tata mahaifiyar. Mafi sauƙi ma, a ɗauki kakar a tafi da ita awo ko sau ɗaya, ta ji da kunnenta daga bakin ma'aikaciyar jinya. Tsohuwar da aka girmama aka nemi shawararta tun da wuri, ita za ta tsaya a bakin ƙofa ta hana wasu yin abin da bai dace ba.

Batun nono shi ne kan gaba. A sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, yana kwance a ƙirjin uwarsa fata da fata, an lulluɓe su tare. Ruwan farko mai kauri, mai launin ɗorawa, wanda ake kira dakashi, ba gurɓatacce ba ne, kada a matse shi a zubar, kada kuma a ce sai an wanke nono an jira kwana uku. Shi ne garkuwar farko da ke kare hanjin yaro daga cuta, kuma shi ke taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko. Kaɗan yake zuwa, amma cikin jariri a ranar farko abin da yake ɗauka a lokaci guda bai fi cokalin shayi ɗaya ba. Zuwa kwana na uku ko na huɗu nono zai kawo sosai, kuma yawan tsotso ne ke kawo shi.

Ke mai jego, dubi yadda ya kama. Cikinsa ya manne da naki, kansa da jikinsa su miƙe a layi ɗaya, kada wuyansa ya karkace. Ki taɓa leɓensa da kan nonon, ki jira sai ya wangale baki, sannan ki jawo shi gare ki. In ya kama daidai za ki ga haɓarsa na taɓa nonon, leɓen ƙasa ya juyo waje, ya cika bakinsa har da baƙin da ke kewaye da kan nonon, kuma za ki ji ƙarar haɗiya a hankali. In kan nonon kaɗai ya kama, zai yi miki zafi, ya tsage, shi kuma ba zai ƙoshi ba. Ki sa ɗan ƙaramin yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ki cire shi, ki sake gwadawa. Ki bar shi ya gama da ɗaya kafin ki juya shi ɗayan, don nonon ƙarshe ya fi maiƙo. Sau 8 zuwa 12 a yini da dare ba yawa ba ne. Hanyar gane yana samu kuwa ita ce fitsari: daga kwana na biyar, ya jiƙa nafkin sau shida ko fiye a rana. Ɗan ramewa a kwanakin farko ba abin damuwa ba ne, zuwa sati biyu yakan koma nauyin da aka haife shi da shi.

Na san inda gardamar take, wato ruwa. In aka yi haihuwa a watan Afrilu, ana zufa ko'ina, da wuya kaka ta yarda cewa yaro ba ya jin ƙishi. Amma fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Ruwan da aka ɗura masa yakan cika ɗan cikin ya rage tsotso, in kuma ba mai tsabta ba ne ya kawo gudawa. Uwa ce za ta sha ruwa da yawa, ta ƙara ba shi nono. Haka za a yi har wata shida cif. In an kawo rubutu ko zamzam, uwar ta sha, a yi wa yaron addu'a a tofa masa. Mai son yin tahniki da dabino, ɗan abin da zai taɓa dasashi ne kawai, da hannu wankakke. Zuma kam a bar ta sai ya shekara, domin takan ɗauki ƙwayar wata cuta da ke kashe jikin jarirai. Madarar akuya, jiƙe-jiƙe da ruwan sukari duk a ajiye su.

Cibi ƙofa ce a buɗe zuwa jinin yaro har sai ya warke. Gasa shi da tsumma mai zafi, ko shafa masa man goge baki, man shanu, toka ko gishiri, duk hanya ce ta shigar da cuta, har da tetanus, mai sandarar da jiki ta ɗaure muƙamuƙi yaro ya kasa tsotso. Akwai man shafawa na cibi mai suna chlorhexidine, wanda jihar Sakkwato ta fara rabawa a unguwanni tun 2013, yanzu kuma ana samunsa a asibitoci da kantunan magani. A wanke hannu da sabulu, a shafa shi a kan cibin da gindinsa sau ɗaya kullum a makon farko, a naɗe bakin nafkin ƙasa da cibin don iska ta riƙa samunsa. A kula sosai kada wannan maganin ya kusanci ido, yana iya makantarwa, don haka kada a ajiye shi wuri ɗaya da maganin ido. Cibi kan faɗi da kansa tsakanin kwana 5 zuwa 15. Kada a ja shi don a ce sai ya faɗi kafin suna. In fatar da ke kewaye ta yi ja, ko yana fitar da mugunya ko wari, asibiti za a nufa a ranar.

Wankan farko a jinkirta shi sai bayan awa 24. A goge shi da zane mai tsabta, a sa masa hula da safa. Farin maiƙon da ke jikinsa ba ƙazanta ba ne, kuma dirje shi da ƙarfi ba ya hana warin jiki in ya girma. Bayan haka wanka da ruwa mai ɗumi, a gwada da gwiwar hannu, a yi sauri, a ɗaki marar iska. In bakwaini ne ko bai kai kilo biyu da rabi ba, a ɗaure shi a ƙirji fata da fata yawancin yini, daga shi sai nafkin da hula. Likitoci a Bogota ta ƙasar Kolombiya suka fara wannan dabarar a 1978 da kwalaben renon jarirai suka yi musu kaɗan, yau kuwa duniya ta karɓe ta. Uba ma zai iya karɓar uwar ya ɗaure shi a nasa ƙirjin. A lokacin hunturu kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana kisa. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa su ma a nisanta su da shi. A kwantar da shi rigingine, cikin gidan sauro, ba filo, ba tarin zannuwa kusa da fuskarsa.

Maganar wanzami tana da nauyi, kuma a nan ne nake roƙon angon ƙarni ya tsaya da ƙafarsa. Beli, ko hakin wuya, halitta ce da kowa ke da ita, ba ya hana tsotso, ba ya jawo amai. Jinin da ke jikin jariri mai kilo 3 gaba ɗayansa kusan rabin ledar ruwan sha ne, don haka abin da babba zai kira ɗan jini kaɗan, a wurinsa babbar asara ce, ban da cutar da ƙarfen kan shigar. Haka cire angurya ga 'ya mace da tsagar magani, a bar su. Ba sai an yi faɗa ba. A karɓi wanzami da mutunci, a ba shi hakkinsa cikakke, ya yi askin suna da sabuwar reza da aka ɓare a gabanku, a tsaya nan. Kwalli ma a haƙura da shi, da yawansa akwai gubar dalma a ciki.

Ciwon shawara yana yawan kama jarirai a kwana na biyu zuwa na biyar, kuma a fatar baƙin mutum gane shi sai an lura. Kullum da safe a fito da shi hasken rana, a dubi farin idonsa da dasashinsa, a ɗan danna kan hancinsa ko goshinsa da yatsa a ga launin wurin. In ya yi rawaya a kai shi a auna jininsa. In a ranar farko ya bayyana, ko ya kai tafin hannu da tafin ƙafa, ba a kwana. Shanya shi a hantsi ko ba shi ruwan gulukos ba ya magani, kuma in abin ya hau ƙwaƙwalwa yakan bar yaro da kurumta ko nakasar da ba ta warkewa, alhali wata fitila ta musamman a asibiti na sauke shi cikin 'yan kwanaki. Ga wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: kafur ɗin da ake jefawa a akwatin kayan jarirai yana farfasa jinin yaran da suka gaji ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya fi yawa a 'ya'ya maza. Duk kayan da suka kwana da kafur a wanke su a shanya kafin haihuwa. Lalle da hoda ko man zafi masu mantoleta su ma kada su taɓa jikinsa.

Akwai abubuwan da ke tayar da hankali alhali ba komai ba ne: atishawa, shaƙuwa, ɗan tumbuɗi bayan ya sha, sulluɓewar fata, bugawar maɗiga a hankali, kumburin nonon jariri mace ko namiji, har da ɗigon jini kaɗan a gaban 'ya mace a makon farko. Nonon nan kada a matse shi, zai sauka da kansa. Waɗanda ba a jira da su kuwa: ya ƙi kama nono, ya yi jijjiga ko taune-taune, jikinsa ya saki ba ya motsi sai an taɓa shi, numfashinsa ya kai 60 ko fiye a minti ɗaya, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, zafin jikinsa ya haura 37.5 ko ya sauka ƙasa da 35.5. Ma'aunin zafin jiki ba shi da tsada, a saya tare da kayan haihuwa. Jaririn da ke da ɗaya daga cikin waɗannan ba na kemis ba ne, kuma ba a jira gari ya waye ko a jira a yi suna.

Uwar ma a dube ta. Wankan jego yana sa jiki daɗi, amma ruwan ya zama wanda fata za ta iya ɗauka. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da tsananin zafin wanka da gashi da yawan kunun kanwa. Bincike na baya ya nuna akwai wasu dalilan ma, amma kanwa gishiri ce, wadda ta yi hawan jini da ciki ta guje ta. Ta ci nama, ƙwai, wake, zogale da kunun gyaɗa. In ƙafafunta sun kumbura, tana haki ko ba ta iya kwanciya sai a jingine, jini ya ƙaru, zazzaɓi ko ciwon kai mai tsanani ya taso, a kai ta asibiti. In kuma ta wuce sati biyu tana kuka ba dalili, ba barci, ba ta sha'awar yaron, kada a ce mata rashin godiya ne. Ciwo ne da ake magani.

Ko a gida aka haihu, a kai jariri asibiti a ranar farko don allurar BCG, ta ciwon hanta, da ɗigon shan inna, a karɓi kati a adana, sai kuma a sati na 6, na 10 da na 14. Kai kuma maigida, kafin ka biya kuɗin ragon suna ka ware wani abu a gefe wanda ba a taɓawa, ka san asibitin da ke karɓar jarirai da dare, ka riƙe lambar mai mota ko mai adaidaita da zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare. Ka kuma faɗa wa matarka da mutanen gida, a gaban kowa, cewa in yaro ya nuna ɗaya daga alamomin nan ba ka nan, ka ba da izini a wuce da shi asibiti, a kira ka a hanya.