Yadda ake ɗaukar hoton wuraren tarihi a ƙasar Kurfai da labarinsu

Kafin ka zaro waya daga aljihu, fara da ƙofar mai gari. Ka gaisa, ka faɗi abin da ke tafe da kai, ka roƙi a haɗa ka da dattijon da ya san wurin. Barikin soja da shingen jandarma kuwa, ko da wasa kada ka nufe su da waya. Kurfai a yankin Tillaberi take, inda aka kafa dokar ta-ɓaci.

Sai zaɓen lokaci. Duwatsun da suka katange kwarin Dallol Boso da sassafe ko bayan la'asar suke nuna jansu, da rana tsaka hoton fari fat yake fita. Goge idon kamara da bakin rawani, ka tsai da yaro ko raƙumi a gindin dutsen don a gane tsawonsa. In kasuwa ko shanu kake son ɗauka, kasuwar Filinge ran Lahadi take ci, shanun Azawak kuma suna Tukunus.

Ainihin aikin a kan tabarma yake. Miƙa goro, nemi izini, sannan ka naɗi muryar tsoho. Tambaye shi, "Baba, wa ya ba ku wannan labari?" Abin da ya fara da "an ce", bar masa "an ce" ɗinsa in ka zo rubutawa. Idan ka je Shikal, tambayi labarin Shibo, matar da bautar Babule, wadda ake kira Hauka, ta ɓulla a kanta wajen 1925. Iskokin wannan bauta suna kwaikwayon Turawan mulki, da gwamna da kofur, har Faransawa suka kama mabiyanta. Ba kowa ke son zancen ba. Wanda ya kau da kai, ƙyale shi.

In hira ta kai ga batun jirgin ƙasa fa? Kurfai ba ta taɓa ganin dogo ba, kada ka ƙaƙaba mata. Layin da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso tsakanin 2014 da 2016 bai biyo nan ba, bai kuma shiga jigilar fasinja ba. Amma ga abin mamaki: cikin iskokin Hauka akwai direban jirgin ƙasa, Jean Rouch ya nuna shi a fim ɗinsa na 1955 da ya ɗauka a Gana wurin 'yan ci-rani. Saboda haka nemi tsofaffin da suka yi ci-rani a Kumasi ko Kano, su ne masu labarin jirgi a bakinsu.

Wajen turawa, aika hoton ta WhatsApp a matsayin fayil don kada ya dushe. Rubuta sunan wuri, ranar ɗauka, da sunan mai labarin in ya yarda.

Ka kuma wanke guda ɗaya a kati, ka kai wa tsohon hannu da hannu.